Jan Layi a Tafki na Biyu

Tavuloa, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Unaisi,

Tavale, taubashiyata, ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewar mai tsokanarsa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Nemani da yara. Ki gaida mini mahaifiyata Nana, ki ce mata ƙafar da na gurɗe a gonar rake ta warke sarai, ta daina aiko mini da ganye. Na gode da kike leƙa ta kullum.

Na samu aiki. Gara ki ji daga bakina kafin direban bas ya ƙara masa gishiri: hukumar gari ta ɗauke ni a wurin tace ƙazamin ruwa. Eh, wancan ruwan. Duk abin da mutanen Tavuloa suka wanke, suka zubar, suka tsuguna suka yi, ta bututu yake biyowa ya zo ya same ni. Yi dariyarki ki gama, ina jira.

Makon farko ban iya cin abinci ba. Aikina da safe shi ne in ɗauki manjagara in kwashe abin da ragar ƙarfe ta tare: tsummoki, leda, cokula, har haƙoran roba na wani bawan Allah. Na ce a raina wata guda zan yi in koma saran rake.

Sai ranar Alhamis shugabarmu, Madam Kumari, ta kira ni ɗakin gwaji. 'Yar guntuwa ce, da kyar ta kai kafaɗata, amma in ta yi magana har karnukan unguwa natsuwa suke yi. Ta ɗebo ruwan tafki na biyu, ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin nan na likitoci mai ƙara girman abu.

Ta ce, "Zo ka gaida abokan aikinka. Kai da Ilaitia kawai ake biya albashi. Masu aikin gaske ga su nan."

Una, na leƙa. Wallahi gari guda ne a ciki. Wasu kamar ƙararrawar coci a kan siririn tsinke, suna sunkuyawa suna miƙewa. Wasu da gashi kewaye da bakinsu yana juyi kamar tayar keke. Wani dogo ya ratso ta tsakiyarsu yana sauri kamar wanda bas zai bari. Na ɗago kai na dubi ɗigon da idona, ba komai, ɗigon ruwa ne kawai. Na sake leƙawa, suna nan suna harkarsu, ba ruwansu da ni.

Na ce, "Madam, me suke yi?"

Ta ce, "Ci. Abin da ke sa ka toshe hanci, a wurinsu liyafa ce. Namu kawai mu ba su iska da rana, mu bar su."

Na fita na zauna a bakin tafkin na daɗe. Shekara talatin da huɗu ina zuwa coci, ban taɓa jin tsoron Allah irin na ranar ba. Tun kafin a haifi kakanmu ya ajiye masu wanke mana ƙazantarmu, bai ma faɗa mana ba.

Ba zan koma rake ba.

Taubashinki,
Waisake

Namoto, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Ratu Waisake, Sarkin Masai na Tavuloa da kewaye,

Ranka ya daɗe, talakawanka suna gaisuwa. Muna lafiya. Nemani ya yanke yatsa wajen ɓare kwakwa, yana ta raki kamar an cire masa hannu. Nana tana lafiya, sai gwiwa in hadari ya taso.

Na karanta mata wasiƙarka sau biyu. Da na zo wurin haƙoran roba sai da ta riƙe ciki. Da na zo wurin ƙananan halittun nan kuma sai ta ce, "Yaron nan ko ya fara shan abin da ya fi jiƙon saiwar yaqona ƙarfi?" Ni ma tambayata ke nan. Kai da ba ka iya ganin takalminka a ƙofar ɗaki, yau kai ne mai ganin gari a cikin ɗigon ruwa. Ka aiko mini da ɗaya a ambulan in gani.

To, wasa ya isa haka. Ka san ni ce ke gaban matan da ke shiga kogin Waisere kamun jatan lande da ƙaguwa, mu ashirin da uku. Ka kuma san yadda kogin ya zama shekarun da Tavuloa ke zubo mana komai kai tsaye. Mu shiga, mu fito da ƙuraje har wuya. Ranar Asabar a kasuwa mata su ɗaga jatan landenmu su sansana su ajiye. Ka san inda yarinyar nan Kelera take kwance a bayan coci, shekararta biyu, gudawar kwana huɗu. Kai ka haƙa ramin.

Shekara uku ke nan da aka ce an gina tafkunanku. Ba zan ɓoye maka ba, bara mun ga canji. Ƙaguwa ta dawo gindin itatuwan bakin ruwa, yara sun rage ciwon ciki. Amma babu ko ɗayanmu da ya taɓa ganin wurin. Mu dai muna ƙasa, abin da ya gangaro shi muke karɓa.

Yanzu da namu yake can, ina so ka faɗa mini gaskiya, ba gaskiyar ma'aikaci ba. Ruwan da ke fita daga wurinku ya shiga kogi, za ka iya wanke fuskarka da shi? In ba za ka iya ba, ka faɗa mini, in san abin da zan gaya wa mata.

Na ba direba gwaza da busasshen kifi. In ya ce maka biyu ne, ƙarya yake, huɗu ne.

Unaisi

Tavuloa, 12 ga Disamba

Tavale,

Lafiya lau nake, ina fata ku ma haka. Kifi uku ya iso. Ki gaida Nemani da yatsansa.

Ranar da na karanta wasiƙarki na gangara har inda ruwanmu ke fita, na durƙusa na wanke fuska, na wanke wuya. Ilaitia yana kallona yana cewa na haukace. Ban sha ba, kuma kada ku sha sai kun tafasa. Amma fuskata tana nan, ba ta ƙara muni ba.

Kwana talatin ruwa yake yi a hannunmu. Yana shigowa baƙi ƙirin. A tafki na farko, mai zurfi, lakar ke kwantawa. A na biyu injuna ke dukansa don iska ta shiga, ya koma kore shar. Na uku bai kai ƙuguna ba, rana ce ke aiki a nan, tana kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan ya ratsa wata fadama da aka shuka wa ciyayin ruwa, a hankali, kamar tsohuwa mai dawowa daga coci. A ƙarshenta in kin cika kwalba kika ɗaga, za ki ga yatsunki ta ciki. Agwagin daji sun yi ƙwai a fadamar. Da safe zalɓe ke tsayawa yana kamun ƙananan kifaye da ba wanda ya zuba su. Madam ta ce ita ma ba ta san ta inda suka zo ba.

Tunda gaskiya kika nema, ga sauranta. Akwai wata ƙofar ƙarfe a gefen tafki na biyu, muna ce mata ƙofar kogi. In aka buɗe ta, ruwan da bai gama tafiyarsa ba zai zarce Waisere kai tsaye. An yi ta ne don ranar da ambaliya za ta nemi fasa ganuwar tafkin. A tsakiyar tafkin akwai sanda mai jan layi, shi ne iyaka. Ƙofar da sarƙa take da kwaɗo, mabuɗin yana wuyan Madam. Ba a taɓa buɗe ta ba.

Na yi aboki. Wani tsoho ne, Ram Autar, gonar rakensa ce a kwarin da ke ƙarƙashin ganuwarmu. Kowa Kaka Autar yake ce masa. Shi ya fi kowa faɗa lokacin da za a gina wurin, har yanzu in ya gan ni sai ya ce, "Mai gadin turare, an tashi lafiya?" Sannan ya miƙo mini roti, irin gurasarsu, da miyar kabewa ta saman waya. Shi kaɗai yake zaune da shanunsa biyu.

Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, damina ce, ba a barin tafkuna. Ki lallashi Nana.

Waisake

Tavuloa, 21 ga Janairu

Una,

A tsaye nake rubutu, bas na ƙarshe zai tashi. Rediyo ta ce guguwar ta juyo ta nufo mu, gobe ko jibi. Ku ɗaure rufi, ku kai Nana coci tun da wuri, kada ta tsaya gardamar kaji.

Kwana shida ana ruwa, tafki na biyu saura taƙi uku ya kai jan layi. Doka ta ce in ya kai a buɗe ƙofar kogi. Madam ta ce muddin tana numfashi ba za mu buɗe ba. Ban san yadda za mu yi ba, amma haka ta ce.

Ku yi mana addu'a, mu ma muna yi muku.

W.

Namoto, 6 ga Fabrairu

Waisake,

Muna raye. Gida tara sun rasa rufi, har da namu. Coci ya tsaya, a ciki muka fake gaba ɗaya. Gonakin rogo sun kwanta. Ba wanda ya mutu.

Wasiƙarka ta iso bayan guguwa da kwana biyar. Bas ya maƙale a hanya, direba ya ƙaraso da ƙafa, takardar a aljihunsa ta jiƙe, tawada ta narke. Amma abin da ya rage ya ishe ni. Na karanta: "Doka ta ce in ya kai a buɗe ƙofar kogi. Madam ta ce," sai baƙin tabo, sannan "za mu buɗe."

Ko ba ka rubuta ba, da mun gani. Kwana uku kogi yana kawo mana matattun kifi, manya da ƙanana, cikinsu a sama, sun cika gaɓa tun daga mashigi har bakin teku. Wari ya hana mu cin abinci. Tsohuwa Litiana ta tsaya a gaɓa tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Na hana mata shiga ruwa, ga gonaki sun tafi, ka faɗa mini me za mu ba yara.

Mai gari ya tara mutane yana tambaya ko akwai wanda ya san abin da ya faru. Na tashi na karanta takardarka a gaban kowa. Ban yi nadama ba. Wani ya ce ɗan Namoto ne da hannunsa ya zubo wa uwarsa kashin Tavuloa. Nana tana zaune a wurin. Ta tashi da sandarta ta tafi. Tun ranar ba ta fito ba, ko coci.

Kai ka ce ka wanke fuskarka. Kai ka ba ni labarin agwagi da zalɓe, na tara mata na karanta musu, suka yi ta murna. Na gaya musu yanzu muna da namu a can. Ashe ranar da abin ya zo, namu hannu ya sa aka buɗe.

Kada ka ƙara ce mini tavale.

Unaisi

Namoto, 27 ga Fabrairu

Waisake,

Mako uku, ba amsa. Na ɗauka ko ƙarya za ka aiko.

Nana ba ta cin abinci sosai. Jiya ta tambaye ni ko kana da rai. Na ce ban sani ba. In ba za ka rubuto mini ba, ka rubuto mata.

Unaisi

Tavuloa, 10 ga Maris

Unaisi,

Ina da rai, ki fara gaya wa Nana wannan. Gada ta karye, sai shekaranjiya aka gyara, wasiƙunki biyu rana ɗaya suka same ni. Ni kuma kwanana goma sha shida a asibiti, kwano ya yanke ni a ƙafa, ruwan tafki ya shiga, zazzaɓi ya kwantar da ni. Na warke.

Ba mu buɗe ba. Abin da na rubuta ke nan: ba za mu buɗe ba. Ruwa ya cinye miki kalma biyu. Ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki yi yadda kika ga dama.

Ranar guguwa wuta ta ɗauke tun da safe, injuna suka tsaya. Ruwan sama na duk garin ya shiga bututu ya taho mana. Ina tsaye ina kallon sandar nan, ruwa yana hawanta kamar ana jan sa da igiya. Da tsakar rana ya taɓa jan layi. Ƙarfe ɗaya ya rufe shi.

Wani jami'i ya zo daga hukumar gari, jiƙe sharkaf. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce, "Madam, in ganuwar nan ta fashe, gida arba'in ne a ƙasa, kuma ruwan duk da haka kogi zai tafi. Ki buɗe."

Ta ce, "Akwai mutane a ƙasan kogi ma."

Ya ce, "Na sani. Nuna mini wata hanya."

Ba ta da ita. Na ga hannunta ya tafi wuyanta inda mabuɗin yake. Ta dube ni ta ce, "Waisake, ƙauyenku ne." Gaskiya zan faɗa miki, da ta miƙo mini mabuɗin a lokacin, ban san abin da zan yi ba.

Sai ga Kaka Autar ya hawo ganuwa da buhu a kansa, iska na neman kayar da shi, yana jan shanunsa da garma. Ya yi ihu, "Me kuke jira? Ku fasa ta gefena!"

Madam ta ce, "Kaka, gonarka ce a nan. Eka goma sha ɗaya. Ruwan nan zai kashe raken duka."

Ya ce, "Na san eka nawa ce, ni na shuka. Kwari ne, zai riƙe."

Jami'in ya ce masa ba shi da ikon yi masa alkawarin komai. Tsohon ya daka masa tsawa, "Wa ya tambaye ka?" Sannan ya juyo wurin Madam, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Shekara shida ke nan da na zuba tokar gawar matata a kogin nan, a ƙarƙashin gada. Ba za ku bi ta da wannan ba."

Una, ban san yadda zan kwatanta miki abin da ya biyo baya ba. Ya sa garma a kan ganuwar ta gefensa, shanu suka ja. Ni da Ilaitia muka bi da shebur. Jami'in ya cire rigar ruwansa ya ruga makarantar da mutane suka fake, ya dawo da 'yan ƙwallon zari-ruga na gari su goma sha biyar, da matan unguwar Kaka ɗauke da buhuna. Muka tsinto kwanon rufin da iska ta yaye muka shimfiɗa a cikin tsagar don kada ruwa ya ci ganuwar gaba ɗaya, a nan na yanke. Ba mai jin maganar wani saboda iska. Kowa dai haƙa yake. Madam da kanta tana cikin laka har gwiwa tana cika buhu da hannu.

Wajen ƙarfe huɗu ruwa ya samu hanya. Ya gangara kwarin da ƙara kamar jirgin ƙasa mai ɗaukar rake. Muka tsaya a jere a kan ganuwa muna kallon raken yana nutsewa layi bayan layi, har ganyen sama ya ɓace. Kaka yana tsaye kusa da ni, hannunsa a wuyan sansa, bai kau da kai ba. Kafin rana ta faɗi jan layin ya fito.

Kifin da kuka gani, laka ce ta kashe su. Dutsen da ke saman gari ya zabtare cikin Waisere, kogin ya koma kunu. Da idona na ga matattun kifi suna wucewa tun daga sama da wurinmu. Madam ta auna ruwan kogi ta rubuta, takardar tana nan. Ƙofar ma tana nan da sarƙarta da tsatsarta. Ku aiko duk wanda kuka yarda da shi ya duba.

Raken Kaka ya ruɓe duka. Ruwan ya tsotse a hankali, rana ta yi sauran aikin. Jiya ya zo duba ni da roti, ya ce yanzu shi ne mai gadin turare.

Ban ji haushin abin da kika karanta a gaban mutane ba, abin da kika gani ke nan. Na Nana ne ya yi mini ciwo.

Waisake

Namoto, 18 ga Maris

Tavale,

Na sani na hana ka faɗa. Ni na fara.

Da na gama karanta wasiƙarka na ɗauko tsohuwar na fita na ɗaga ta a rana. Tawada ta tafi, amma inda bakin biro ya danna takarda yana nan. Na ga "ba" a gaba, na ga "ba" a baya. Mako shida tana cikin Littafina Mai Tsarki, ban taɓa ɗaga ta sama ba.

Wurin Nana na fara zuwa, da saiwar yaqona a hannu kamar yadda al'adar neman gafara take, na zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa na nemi gafara. Ta bar ni ina magana har na gama kuka. Sannan ta ce, "Tashi ki dafa mini kifi, yunwa nake ji." Ranar Lahadi ta sa farar rigarta ta zauna a layin gaba. Bayan sujada na tsaya a ƙofar coci na karanta wasiƙarka da ƙarfi, ban tsallake ko inda kake zargina ba. Wanda ya yi maganar nan a taro ya zo har gida ya durƙusa mata.

Dattawa sun zauna. Ba wanda za a aiko duba ƙofa. Maza ashirin za su zo ranar Litinin ta sama da adduna da fartanya su sake shuka gonar tsohon. Mai gari zai zo da kansa, kuma an ciro tabua, haƙorin babban kifin teku da ke cikin akwatin kakanmu, za a miƙa wa tsohon don girmamawa. Ka shirya tsohon, kada ya firgita.

Ka yafe mini. Amma kai ma, mutum ya yi shekara takwas a makaranta ya rasa abin rubutu sai biron da ruwa ke wankewa.

Taubashiyarka,
Una

Tavuloa, 2 ga Afrilu

Una,

Ya wuce. Ƙafa ta kusa daidai. Nemani zai ba ki labarin yadda aka yi: da mai gari ya durƙusa ya miƙa tabua, Kaka ya rasa inda zai sa hannunsa, sai da Ilaitia ya raɗa masa yadda ake karɓa. Kwana biyar suka gama gonar.

Ga abin da Nemani bai sani ba. Bayan sun tafi tsohon ya kira ni gefe. Ya ce shekararsa saba'in da ɗaya a bakin Waisere, bai taɓa ganin inda ya ƙare ba. Yana so a kai shi. Kunya ta hana shi tambayar mai gari. Ni ba zan samu zuwa ba, muna gyaran ganuwa. Zan sa shi a bas ɗin Juma'a.

Ba ya cin nama, ki gaya wa mata.

Waisake

Namoto, 13 ga Afrilu

Tavale,

Muna lafiya. Nana ta ce in gaya maka ta ƙara ƙiba. An gama rufinmu. Mun koma ruwa tun makon jiya, laka ta kwanta, jatan lande kaɗan ne amma suna nan.

Baƙonka ya iso da farar riga da leda cike da furanni ruwan ɗorawa. A gidan Nana ya sauka. Ba ta jin yarensa, shi kuma namu guntu-guntu ne, amma sun yi hira har rogo ya huce.

Asabar da sassafe muka sa shi a jirgin Nemani. Na ce mu huɗu za mu raka shi, sai na waiga na ga duk matan sun fito, kwale-kwale bakwai a bayanmu. Ba wanda ya kira su. Ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ashe bai taɓa shiga ruwa ba. Litiana ta ce masa, "Kaka, ka tare tafki guda da shanu biyu, yanzu kake tsoron wannan?" Ya ce, "Can ƙasa ce a ƙarƙashina, 'yata."

Da muka wuce itatuwan ƙarshe, kogi ya buɗe. Ka san wurin, inda ruwanmu ke shiga na teku, launi biyu gefe da gefe. Nemani ya kashe inji. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya ce mini, "Nan ne?" Na ce nan ne. Ya ce, "Duk abin da ya taho daga gada, nan yake zuwa?" Na ce duka.

Ya sunkuya ya sa hannu a ruwa, ya fara magana da yarensa a hankali. Sunan matarsa kawai na kama, Sukhraji. Ba irin muryar addu'a ba ce, irin muryar da mutum ke ba matarsa labarin gona ce da yamma. Yana yi yana sakin furannin ɗaya ɗaya.

Sai Litiana ta kama hannuna ta matse. Ta nuna ƙarƙashin jirgi. Na ɗauka inuwar gajimare ce. Waisake, kifaye ne, 'yan mitsi-mitsi, ba su kai rabin yatsa ba, jikinsu kamar gilashi, idanu kawai ake gani. Daga teku suke fitowa suna shiga kogi, sun cika shi gaɓa zuwa gaɓa, suna wucewa ta ƙarƙashinmu ba iyaka. Ni ban taɓa gani ba. Litiana ta ce rabonta da su tun tana budurwa, uwayensu da zane suke kwasarsu. Wata yarinya ta jawo taru, Litiana ta ce, "Ajiye. Bari su shiga gida."

Kwale-kwale takwas muka tsaya muna kallo. Mun fi rabin awa a haka. Suna ratsa tsakanin yatsun tsohon, bai cire hannun ba. Hawaye na zuba a gemunsa, yana dariya.

A hanyar dawowa ya tambaye ni har ina za su hau. Na ce ban sani ba. Litiana ta ce a da har duwatsun saman Tavuloa suke kaiwa, in ruwa ya bar su.

Saboda haka ka saurara. In lissafinta daidai ne, nan da mako biyu za su iso wajenku. Ka gaya wa Madam. Ku riƙa gangarawa bakin kogi da safe, ku duba gefe-gefe inda ruwa ba shi da ƙarfi. Ranar da ka gan su ka rubuto mini, ina so in san sun wuce ta ƙofarku lafiya.

Taka,
Una